Ciwon da ba ka gani a madubinka ba

Zuwa ga yayana, marigayi Malam Umaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar da ta wajaba a kan ƙanwa, da fatan kana cikin rahama a makwancinka na Shagari, ina sanar da kai cewa har yau ban ce na yafe maka ba. Matarka, Yaya Asabe, ta zo Bodinga sau uku a kan maganar nan. Takan zauna a bakin tabarma ta ce, "Hadiza, ba abin da mamaci ke jira sai wannan." Ni kuwa in dama mata fura in canza zance. Yau da kai zan yi maganar, kuma a fili, tunda a fili ka yi mini abin da ka yi.

Ka tuna lokacin farar hula, shekarar da aka ba ni aji a firamare a nan Bodinga, kai kuma kana malamin ɗakin shan magani a Shagari. Kai ka kai ni makarantar horon malamai, kai ka saya mini akwatin ƙarfe da littattafai. Ban manta ba, don haka kada Asabe ta sake tuna mini.

A shekarar ne barcin ya kama ni sosai. In na kwanta bayan isha'i, ba zan san inda nake ba sai hantsi. Na sayi agogo mai ƙararrawa na sa shi cikin fanteka don ƙarar ta ƙaru. Yana tashin Inna, yana tashin maƙwabta, yana tashin kaji, ni ko motsi. In Inna ta girgiza ni sai in ce na tashi, har in amsa mata tambaya, alhali ban san na yi ba. In an samu na miƙe, sai in yi awa guda ina tangaɗi kamar wadda aka ɗura wa abin maye, ina neman takalmin da ke ƙafata. Ka san nauyin da mace baliga ke ji idan kullum rana ce ke shaida sallar asubarta? Ba ka taɓa tambaya ba.

A aji tsaye nake wuni, don na san in na zauna an gama. Goro na ci har haƙorana suka rine. In na kwanta da azahar don in rage, sai in tashi na fi da nauyi. Wata rana na shiga mota daga Sakkwato zan sauka Bodinga, ban farka ba sai a tashar Shagari. Na zo wurinka ina kuka, ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce, "Ziyara kika zo, ko kwana ya kawo ki?"

Amma ranar ka yi abin kirki, in ba ka haƙƙinka. Ka taɓa wuyana kana neman kumburi, ka ɗebi jinina ka sa a madubin dubawa, ka aika da saura babban asibiti. Ciwon barci kake nema, wanda ƙudan tsando ke kawowa, don shi kaɗai aka koya maka. Ba a same shi ba. Sai ka zo har gida, gaban Inna da baffanninmu, ka ɗaga takarda ka ce, "Ciwon barci guda na, kuma ba ta da shi. Lahiyatta lau, ragwanci na."

Kafin ranar nan, mutanen gidanmu tausayina suke ji. Inna har rubutu take karɓo mini. Daga ranar ta daina, ta koma watsa mini ruwan randa. Malamin asibiti ya faɗa, wa zai musa? Kai da ko garin Danchadi ba ka gama sani ba, ka yanke hukunci a kan cututtukan duniya duka da madubi ɗaya mai tsagaggen gilashi.

Sai ostariti ta zo, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, sai sojoji suka biyo baya da ladabtarwarsu. Ana rufe ƙofar makaranta, wanda ya makara ya tsaya waje. Na yi tsallen kwaɗo gaban ɗalibaina, Yaya, da lulluɓina da komai. Da aka fara rage ma'aikata, hedimasta ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, ya ce in kawo takarda daga asibiti mai nuna ina da larura, zai tura ni makarantar yamma. Layi biyu kawai yake so. Na zo Shagari na durƙusa maka. Ka gyara hularka ka ce, "Ba ni rubuta ƙarya."

An kore ni a wannan zangon. An rubuta a fayil ɗina cewa ba ni da ɗa'a.

Kana so ka ji sauran? Aurena shekara biyu ya yi, mutumin ya gaji da karin kumallo a kasuwa. Tukwane nawa na ƙona ban sani ba. Ban taɓa goya ɗiyata kusa da murhu ba, don tsoron abin da zan farka in tarar. Biki da suna na daina zuwa, saboda mata na zunɗe na suna cewa a ba Hadiza matashi. Na rayu da koyar da matan aure karatu bayan la'asar, lokacin da kaina ke ɗan washewa. Littattafan da na karanta ma a tsaye na karanta su, ina kai da kawowa a tsakar gida kamar mai naƙuda. Duk shekarun nan, in mun haɗu da salla, gaisuwarka ɗaya ce: "An tashi?"

Yanzu ga abin da ba ka sani ba, don kana kan gargara lokacin. Da ka ce a kira maka ni, babban ɗanka Bello ya zo da mota bayan asuba. Ya buga ƙofa sau uku. An ce na amsa daga ciki na ce ina zuwa. Ya jira kaɗan, ya ce Gwaggo ta ji sarai, ƙin fitowa ta yi, ya ja motarsa. Me zai sa ya yi tunanin wani abu daban? Kai ka koya masa. Da ka taɓa yarda da ni ko sau ɗaya, da gidanka sun san amsata ta farko ba tawa ba ce, sai an shigo an zaunar da ni, an yi ta magana har idona ya tsaya. Na iso Shagari na tarar ana dawowa daga maƙabarta. Na ji wata a zaure tana cewa, "Ko mutuwar yayanta barci ta yi." Saƙon da ka bari, Asabe ce ta ba ni: a roƙa maka Hadiza.

Wata biyu bayan haka ɗiyata ta ja ni wurin wani likita a Sakkwato. Yaro ne a kanka, amma ya saurare ni har na gama. Ya yi gwaje-gwajensa na makonni, sannan ya ce larura ce sananniya, tana cikin littattafai. Sunanta na Turanci dogo ne, na sa ya fassara mini. Ya ce ma'anarsa yawan barcin da ba a san dalilinsa ba. Na yi dariya har ya tsorata. Ka ji, Yaya? Manyan likitocin duniya sun zauna sun raɗa wa ciwona suna, kuma a cikin sunan suka rubuta cewa ba su sani ba. Kalma uku ce: ban sani ba. Da ita ka faɗa a tsakar gidanmu, da na yi ritaya ina malama.

Ya ba ni magani. Bai warkar da ni ba, amma ranar Juma'ar da ta wuce na yi asuba gari bai waye ba. Da na sallame, kai ka fara faɗo mini a rai, na ji haushin hakan ƙwarai. Na tuna yadda kake ɗora ni a keke ka kai ni fadama in tsinko albasa, kana cewa in riƙe ka da kyau. Ni ba ni da wani yaya sai kai, shi ya sa abin bai taɓa hucewa ba.

Ba na so a tsare ka saboda ni. Na yafe maka. Ban faɗa da daɗin rai ba, amma na faɗa, kuma masu karanta wannan su ne shaidu.

Allah ya jiƙan ka, ya yalwata kabarinka, ya haɗa ka da Inna a aljanna. Ranar da za a tashe mu duka, na san za ka riga ni miƙewa. Kada ka buga sau uku ka wuce, ka tsaya har in farka.

Ƙanwarka,
Hadiza
Bodinga