Farin Iyafis da Baƙin Iyafis

Litinin, 5 ga Mayu

Malamar Faransanci ta tsayar da ni bayan an tashi. Sau biyu ke nan a jere ina faɗuwa jarrabawar sauraro. Ta ce in na sake faɗuwa a ta ranar 22 ga wata, za a cire sunana daga ajinta, a mai da ni ajin kasuwanci. "A rubutu ba mai kama ƙafarki, amma da an kunna murya sai ki koma gunki. Me ke damunki?" Takalmina na yi ta kallo.

Abin da ya kamata in ce mata: laifin hedifon ɗin ɗakin kwamfuta ne. Sosonsa ya ɓare, ya yi maiƙo, yana warin man gashin mutum ɗari. Ina ɗora shi a kai zuciyata ke tashi. Wa zai gane Faransanci alhali yana kokawa da amai?

Ni da nake son zama tafinta. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ga hoton tafintoci, a ɗan ɗaki na gilashi suke zama, ba mai kallonsu, muryarsu kawai ake ji. Aikin da aka yi domina ke nan.

Talata, 6 ga Mayu

Malama ta ce kowa na iya zuwa da iyafis nasa, ɗan abin sauraren nan na sawa a kunne, in dai mai waya ne. Na gaya wa Mama, Mama ta gaya wa Baba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Biyu rigis. Baba ya sayo fari a wurin mai shagon kayan waya na bakin titinmu. Anti kuma, ƙanwar Mama, da Mama ta ba ta labari, ta aiko da baƙi a cikin kwali. Baba ya ce in gwada in zaɓa.

Na ja layi a bayan littafin lissafi kamar yadda ake mana a darasin kimiyya: sauti, daɗin sawa, tsafta. Zan saurari darasi na bakwai da kowanne a wayar Mama, minti talatin-talatin, don a yi adalci.

Asabar, 10 ga Mayu

Fari: roba ce mai tauri, ba ta da taushi ko kaɗan. Muryar matar da ke darasin kamar daga cikin gwangwani take fitowa. Bayan minti ashirin kunnena ya yi ja, yana zugi. Na yi hamma, ɗaya ya faɗo cikin kofin shayina. Saura kaɗan in yi kuka.

Baƙi: yana da 'yar roba mai laushi da ake cusawa can ciki. Ya toshe ni kamar an sa wa kwalba murfi. Ina jin haɗiyar yawuna, ina jin numfashina, wayar na gogar wuyan rigata ƙurr-ƙurr. Sautinsa ƙugi ne zalla, dum-dum. Namijin da ke darasin kamar ya lulluɓa da bargo yake magana. A ƙasan kwalin akwai wasu 'yan robobi, manya da ƙanana, ban taɓa su ba.

Kuma duka biyun na hagunsu ba shi da ƙarfi. Duka biyun! Masu yin kayan nan ko tsoron Allah babu.

Lahadi, 11 ga Mayu

Yaya ya ɗauki baƙin bai tambaye ni ba, ya je ƙwallo da shi, ya dawo ya ajiye a kan littafina. Na ɗaga, sai ga abu rawaya maƙale a jikin robar. Na yi ihu.

Ya leƙo yana dariya. "Sarauniyar Tsafta, dauɗar kunne ce fa, ba guba ba. Ke naki kunnen zuma yake fitarwa?"

Na ce nawa ba ya fitar da komai, don ni safe da yamma nake sakace shi da tsinke mai auduga. Ya ce to Allah ya ba da lada.

Sau uku na wanke robar da sabulu. Har yanzu in na kalle ta sai tsigar jikina ta tashi.

Talata, 13 ga Mayu

Rediyo, wadda ke zama a hagu da ni a aji (kowa haka yake kiranta, bakinta ba ya hutawa), ta ga baƙin a jakata. "Ke, ba ni kunne ɗaya mu ji tare mana." Na ce ya lalace. Rabin gaskiya ne ai.

Laraba, 14 ga Mayu

Na yi abin da ban taɓa yi ba. Na mai da farin shago, ni kaɗai. Tun daga ƙofar gida nake bitar abin da zan faɗa, ina isa duk ya gudu. Da ƙyar na ce, "Na hagun ba ya yi."

Mai shagon ya jona a wayarsa, ya cusa a kunnensa, a gabana, yana kaɗa kai. "'Yata, wannan ai garau yake. Har mai tafi a bayan mawaƙin ina ji." Ya cire, ya goga a gaban rigarsa, ya miƙo mini. Na ƙi karɓa. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ɗauko sabo a leda. "Don darajar babanki."

Na zo gida na gwada. Na hagu shiru-shiru, kamar na farkon. Macuci. Kwali guda ya sayo na rubabbu yana sayar wa mutane, yana wani "'yata".

Kwana takwas ya rage. Darasi na bakwai har yanzu rabi nake kamawa.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ina sauri, na sa farin a juye, na hagu a kunnen dama. Ya yi ƙara rangaɗau. Na daman kuma, da ya shiga hagu, ya mutu.

Ba na son rubuta komai yau.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na kulle ɗaki bayan makaranta. Na juya baƙin shi ma. Haka. Na ɗauko agogon Baba na kara a kunnen dama: tik, tik. Na kara a hagu: kamar na kara dutse.

Tafinta kurma. Ko a tatsuniya ban taɓa ji ba.

Ban gaya wa Mama ba. In na faɗa ya zama gaske.

Litinin, 19 ga Mayu

Rediyo ta daki tebur har biro na ya faɗi. "Sau huɗu ina miki magana! Wata biyu ke nan kina share ni. In girman kai ne ki faɗa, in canja kujera."

Ban san yadda aka yi ba, hawaye kawai na ji. Na ce mata a hankali ba na ji da wannan gefen. Ta yi shiru. Rediyo, shiru! Sai ta kama hannuna ta ja ni har ɗakin shan magani, ina tirjewa, 'yan aji uku na kallonmu. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Nas ta haska kunnen da 'yar fitila. Ta daɗe tana leƙe. "Da me kike sakacewa?"

Na ce tsinke mai auduga, safe da yamma. Har da ɗan alfahari na faɗa, Allah ya yafe mini.

"Safe da yamma! 'Yar nan, ba cirewa kike yi ba, dannawa kike yi, kamar mai cusa kaya a buhu. Kin toshe ƙofar da hannunki. Ga shi kin ce kina cusa iyafis mai roba, yana taya ki."

Rediyo ta ce, "Anti Nas, za ta warke dai ko? Don ni ina da labarai na wata biyu da ba ta ji ba."

An ba ni maganin ɗigawa. Laraba za a wanke.

Talata, 20 ga Mayu

Na gaya wa Mama. Ta ce, "Shi ya sa! Ni da nake cewa kin fara raina ni." Ta kwantar da kaina a cinyarta ta ɗiga mini. Maganin sanyi, yana gangarawa ciki kamar ƙwaro. Ta kwashe tsinkayen audugar duka ta zuba a shara.

Na roƙe ta kada Yaya ya ji. Kafin la'asar ya ji.

Laraba, 21 ga Mayu

An wanke. Nas ta sa na riƙe ɗan kwano a ƙarƙashin kunne, tana fesa ruwan ɗumi. Sau ɗaya, sau biyu, a na uku na ji fuf, sai ƙarar fanka ta faɗo mini a kai kamar jirgi.

Abin da ya fito. Ba zan kwatanta ba. To, baƙi ne, ya kai ƙwayar wake, har da zaren auduga a jikinsa. Daga kunnena. Nawa. Nas ta ɗaga kwanon tana nuna mini kamar an yi haihuwa. Rediyo ta leƙa ta ce, "Tabɗi! A raɗa masa suna." Na rufe fuska da littafi.

Duniya ashe hayaniya ce. Takalman mutane, firij ɗin kicin, takarda in an juya ta. Yaya yana cin abinci a hagu da ni, ashe haka yake tauna, caɓal-caɓal. "Barka da dawowa, Sarauniya," in ji shi. "An ce an haƙo ma'adini."

Na sake gwajin daga farko, tunda na baya ya rushe. Baƙin, da na sa masa ƙaramar roba, ya zauna daidai, ba ya ciwo, amma ƙuginsa na nan, yana cinye ƙarshen kalmomi. Farin har yanzu yana cin kunne bayan minti ashirin, sai dai murya tas take fita, kowane harafi da gefensa. Jarrabawar minti arba'in ce. Nas kuma ta ce kada in cusa komai can ciki kwanan nan. Farin zan ɗauka. Ciwon minti ashirin ba ya kisa.

Na bi ta gaban shagon da yamma. Na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, bai san abin da na rubuta a kansa ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

An yi. Tambaya ashirin. Kunnena ya yi zugi tun daga ta goma, ban cire ba.

Na ji komai. Har numfashin matar kafin ta fara jimla.

Ta sha huɗu da ta sha bakwai na ji su sarai, kalma bayan kalma, kamar a gabana take tsaye. Ban dai san ma'anarsu ba. Na zauna riƙe da biro ina neman abin da zan ji haushi. Na duba wayar iyafis, lafiyarta lau. Na duba kwamfutar. Na dubi Malama, tana can tana cika takarda.

Sakamako sai Litinin. Ina jin na haye, ban sani ba.

Kalmomi biyun da suka kayar da ni a tambayoyin nan na rubuta su a tafin hannuna kafin in manta. Suna cikin darasi na tara, na duba. Wanda na tsallake, na ce muryar mutumin ba ta fita.

Gobe in Rediyo na da lokaci, wataƙila in ce ta yi mini tambayoyi a kansa.