Mai Sayar da Hannun Jari a Kasuwar Dutsin-Ma

Zuwa ga Yaya Sani a Ikko,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya iyali? Mu nan Kurfi lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma wani baƙo mai kwat ya tara mutane, wai yana sayar da hannun jarin wani kamfani na can wajenku. Ka ba da fam biyar a ba ka takarda, shi ke nan kana da rabo, riba ta riƙa zuwa duk shekara. Baba ya dawo yana cewa zai sayar da bijimansa da ke Birchi.

Na raka shi wurin mutumin, na ce, "Malam, in kamfanin ya karye fa?" Ya ce, "Ba ya karyewa." Na ce, "In Baba ya buƙaci kuɗinsa, wa zai sayi takardar?" Sai ya yi dariya ya juya wajen wani. Dariyar nan ba ta kwanta mini ba.

Yaya, da gaske akwai kasuwar cinikin irin wannan takarda? Wa ke yanka mata farashi? Ribar halal ce, ko kuɗin ruwa ne?

Da ƙyar Baba ya yarda ya jira amsarka. Don Allah kada ka jinkirta, da bijiman nan za mu yi huɗar baɗi.

Ka sa mu a addu'a. A gaida mutan gida da yara.

Ƙaninka,
Lawal