Ni Na Kawar da Duwatsun Kabarin Matar Baffa

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Ban zo don a wanke ni ba. Roƙona kawai ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin abin da nake faɗa wa kaina kullum ya fi duk abin da za ku faɗa mini zafi.

Ni ne mai kula da shuke-shuke a wani babban lambu tsakanin Kiru da Bebeji. Wani Alhaji daga Kano ne ya sayi filin, ya kewaye shi, ya dasa mangwaro da gwaiba, ya gina ɗakunan baƙi. Mutane na zuwa hutun Sallah da iyalansu, ana kuma kama wurin don biki da walima. Amma kafin Alhaji ya saya, makiyaya ne ke sauka a wurin da damina. Ina saurayi lokacin da matar wani Bafulatani, wanda muke kira Baffa, ta rasu a rugarsu. Rafi ya cika ya tare hanyar maƙabarta, sai aka binne ta a gindin wata ɗorawa, aka jera duwatsu uku don shaida. Ina cikin waɗanda suka haƙa kabarin. Sauran duk sun rasu, sai ni da Baffa.

Ranar da Alhaji ya zo duba filin ya tambaye ni, "Malam, kai ɗan gari ne. Babu kabari a nan ko? Na fasa sayen wani fili saboda haka, ba wanda zai kawo amarya inda aka binne mutum." A lokacin matata na kwance ba lafiya, ga shi ya yi mini alƙawarin aiki. Na ce, "Ranka ya daɗe, babu komai sai itatuwa." Washegari da hantsi na kwashe duwatsun nan uku a baro, na kai su gindin wata ɗorawar da ke wajen filin, bayan inda katanga take yanzu, na jera su yadda suke. Hannuna bai ko yi rawa ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni kunya yanzu.

Bayan shekara biyu Baffa ya dawo daga wajen Doguwa, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ya tarar da katanga da ƙofar ƙarfe, ya sa aka kira ni. Bai taɓa kiran sunan matarsa ba, sai dai ya ce "ita". Ya ce, "Ɗana, kai ni wurinta." Na kama hannunsa na kai shi bayan katanga. Ya tsuguna ya shafa duwatsun, ya gane su, sannan ya ɗaga kai ya kasa kunne. Ya ce, "A da ta hannun dama nake jin rafi." Na ce, "Baffa, rafin ne ya sauya hanya." Ya ce, "Haka ne, komai na sauyawa." Ya daɗe yana addu'a a kan ƙasar da babu kowa a cikinta, ni kuma ina gefe ina cewa amin.

Ita kuwa tana can ciki, ƙarƙashin ciyawar da nake ba ruwa kowace safiya. Inuwar ɗorawar tana da kyau a hoto, don haka a nan ake ajiye kujerar ango da amarya. A kanta ake rawa, a kanta ake liƙi. Ni nake share wurin idan an watse.

Wata huɗu ke nan da Allah ya karɓi ran matata. Bayan wani ruwa mai ƙarfi na je maƙabarta, na tarar iccen da na kafa a kabarinta ya tafi, kaburbura sun baje sun zama iri ɗaya. Na tsaya ina juyawa, ban san wanne ne nata ba, sai da mai gadin maƙabartar ya zo ya nuna mini. Ɗan lokacin nan bai kai a sha ruwa ba, amma na ji kamar ta sake mutuwa. To Baffa fa, da na yi masa haka shekara da shekaru?

Baffa ya zo mini ta'aziyya da ƙwaryar nono. Ya riƙe hannuna ya ce, "Na san abin da kake ji. Kai ka riƙe mini amana, Allah zai riƙe maka taka. In tawa ta zo, ka nuna musu gefenta." Na kasa haɗa ido da mutumin da ko gani ba ya yi.

Yanzu Alhaji ya ce bayan Sallah za a sare ɗorawar a haƙa wurin wanka irin na otal, don baƙi sun dame shi da tambaya. Har an zo an ja igiya an kafa turaku, kuma kabarin na tsakiyarsu. Sau biyu ina zuwa gabansa da niyyar faɗa, sai in ji bakina yana maganar taki da bututun ruwa. Alhaji mutum ne mai tsoron Allah, na san zai dakatar da aikin. Na kuma san zai kore ni, labari zai bazu, masu biki su daina zuwa, masu shara da masu girki su rasa abincinsu saboda ƙaryata. 'Ya'yana huɗu, babu uwa. Sannan da wane baki zan gaya wa Baffa cewa ni na ja hannunsa zuwa wurin da ba ta nan? In kuma na yi shiru, ina tsaye motar haƙa za ta fito da ita.

Na yi istigfari har ban san adadi ba, amma turakun nan suna nan a kafe. Yau da safe ma na ba wurin ruwa, na kewaye ta gefe don kada in taka.

Jama'a, Sallah saura mako uku. Wa zan fara tunkara, Alhaji ko Baffa? Me zan yi?