Ɗakin da Hayaƙi Ba Ya Kaiwa

Diffa Kura

Zuwa ga ƴata Hanifa, a Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Mahmud da jikata Farida. Mu nan sai godiya. Kogin Komadugu ya kawo ruwa bana, tattasai ya yi ja. Abin da ya rage ƙirjin Iyarki ne.

Kada ki yi mamakin hannun da ya rubuta wannan. Na Ubaidullahi tela ne, shi zai ɗauki hotonta ya tura miki, tunda ni ba na zuba wa waya magana iska ta kwashe. Na sallami Magagi. Na san tun kina goye shi ke rubuta min wasiƙa, tun yana aikin gidan waya. Amma lokotoron asibiti ya saurari ƙirjin Mairo, Iyarki, ya ce a nisanta ta da hayaƙi. To, hayaƙin wa ke shiga gidana in ba na sigarin Magagi ba? Baiwar Allah har ta gaji da turara ɗaki don korar warinsa, tarin sai ƙaruwa yake. Na naɗe tabarmarsa daga zaure na aika masa gida. Ya ce in yi tunani. Na ce na yi.

Saƙonki ya iso, cewa in mun gama umra Mahmud zai sa mu a jirgin ruwa Iyarki ta sha iskar teku, kuma wai in zaɓi ɗaki. Nan kaina ya ɗaure. Ɗaki a cikin jirgi? Ni a kan tafki na yi ƙuruciyata, tun ruwan Chadi yana zuwa gindin Nguigmi. Na ɗauki banda, na ɗauki kanwa, na ɗauki amare da kayansu. Ban taɓa ganin jirgi mai ɗaki ba. Hoton da kika turo, na ce wa Ubaidullahi wannan ai otal ne ambaliya ta kewaye. Ya rantse jirgi ne. To ina matuƙi yake tsayawa? Wa ke kwarfe ruwa in ya shiga?

Tambayata guda ce mai nauyi: ana shan sigari a ciki? In ana sha, ban ga amfanin in raba ta da Magagi ɗaya in kai ta cikin Magagi dubu ba.

Ki gaida kowa. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki, Laminu.

*

Jidda

Zuwa ga Baba.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da Iya, ina durƙuse. Mahmud yana miƙa gaisuwa.

Baba, jirgi ne da gaske, hawa-hawa ne kamar bene. Akwai ɗakin ciki, ba shi da taga sam. Akwai kuma mai baranda, kana fita ka ga teku. An hana shan sigari a ɗakuna, an ware wa masu sha wuri a can sama. Sai dai Mahmud ya ce wasu sukan saci jiki su sha a barandarsu, iska ta kai wa maƙwabci. Shi ya sa nake ganin ɗakin ciki ya fi wa Iya, babu ta inda hayaƙi zai shigo. Amma kai ne babba, ka zaɓa.

Kuma ba a kunna wuta kowace iri a jirgin, ka gaya wa Iya.

Zancen Kawu Magagi ya tsaya min a rai. Mutumin da ya raka ka neman auren Iya fa, Baba.

Ƴarka, Hanifa.

*

Diffa Kura

Zuwa ga Hanifa.

Bayan sallama da gaisuwa. Ubaidullahi ya karanta min wasiƙarki, na sa ya sake.

Ɗaki mara taga, a cikin ruwa, ki rufe uwarki ciki? Wannan suna gare shi, kuma ba ɗaki ba ne sunan. Ban yarda ba.

Ki saurara, tunda ku ƴan lakwal, masu karatun boko, ba a koya muku jirgi ba. A wurinmu mara lafiya da amarya a goshin jirgi ake zaunar da su. Masu taba kuwa baya ake kora su, wajen inji. Jirgi yana gaba, hayaƙi yana baya, haka Allah ya tsara. Marigayi Goni Idrisa na Bosso, wanda ya koya mana tuƙin jirgi, ya taɓa sauke wani ɗan kasuwa a tsibiri don ya kunna taba a goshi. Mutumin ya wuni yana kira, Goni bai waiwaya ba. Saboda haka ki kama mana mai baranda, a can gaba, inda babu kowa gabanmu sai ruwa.

Sai dai ga inda na rikice. Kin ce masu sha suna sama. A jirgi na san gaba da baya, ban san sama ba. In mutum yana sama kuma yana baya, mu muna ƙasa muna gaba, hayaƙin hawa zai yi ko komawa? Na gwada a tsakar gida da kara da toka, Iyarki ta ce in bar zubar mata da toka. In kuma jirgin ya juyo gida, gaba bai zama baya ba? Ubaidullahi ya ce a'a. Shi tela ne, bai taɓa tsallaka ko kududdufi ba.

Ki turo min sunayen maƙwabtanmu na dama da hagu, da sunan ubansu. Ba a sauka kusa da mutum ba a gaishe shi ba. Zan zo da garin tattasai in ba kowa, in roƙe shi ya haƙura da sigari har mu rabu. Wanda ya ci tattasan Diffa ba ya yi maka musu.

Zancen wuta na ji. Mu ba girki za mu yi ba. Iyarki ta soma haɗa kaya, ta kwaɓa sabon ka'aji, turaren wutan nan da ta gada wurin uwarta, ta naɗe kaskonta cikin zane. Kin san kaskon, shi kaɗai ta fito da shi ranar da muka baro ƙauye. Ta ce ɗakin da baƙi suka kwana ba ta shigarsa sai ta turara.

Zancen Magagi ki bar shi.

Mahaifinki, Laminu.

*

Daga cikin teku

Zuwa ga Magagi, tsohon ɗan gidan waya.

Sallama dai wajibi ce, na yi maka. Ina fatan kana lafiya, kai da sigarinka.

Mun yi umra, na yi wa kowa addu'a, har kai, don kada Allah ya tambaye ni. Yanzu muna cikin jirgin. Hanifa ke rubutu. Ba don kewa na rubuto ba, don ka san gaskiya ta fito.

Mairo tana numfashi. Ka ji? Tun da muka shigo ba ta yi tari ba. Jiya ta hau matakala da ƙafarta, ta ƙi shiga akwatin ƙarfen da ke hawa da mutane. Da asuba ta ja surar da ta daɗe ba ta iya kaiwa ƙarshe ba. Ni na zaɓi ɗakin, a goshi, kamar yadda Goni Idrisa ya koya mana. Kai da ka ce in yi tunani, ga tunanin.

An ɗan samu matsala a ƙofa. Wani mai farar riga ya sa kayanmu cikin na'ura, ya zaro kaskon Mairo da gawayinta, ya ce sai mun fito. Na ce masa turare ne, ba hayaƙi ba. Mahmud ya fassara, mutumin ya yi murmushi ya ajiye kaskon bayansa. Mairo ta yi kuka, ta ce tsirara aka shigo da ita. Ta shiga ɗakin nan babu turare, tana toshe hanci, wai warin sabulun kafirai.

Sunayen maƙwabta ba a ba ni ba, wai sirri ne. Sunan mutum sirri! Sai na ƙwanƙwasa da kaina. Na dama tsohuwa ce, ta karɓi tattasai ta shinshina, ta yi ta atishawa har ta rufe ƙofa ba sallama. Na hagu wani ƙato ne mai gashin baki, ya karɓa da hannu biyu, ya rungume ni. Bayan la'asar ina baranda da Mairo, sai ga hayaƙi yana leƙowa ta gefen katanga. Shi ne! Da tattasaina a cikinsa! Na cire hula zan fita, Mairo ta riƙe min riga. Na tsaya ina jiran tarin ya taso. Shiru. Ta yamutsa fuska kawai, ta ci gaba da kallon ruwa.

Wannan ban gane ba. Jirgi yana gaba, hayaƙi ya zo ta gefe, mai tari ba ta yi tari ba. Na yi ta juya shi. Abin da na tsayar shi ne, sigarinsu daban da naka. Kai Allah kaɗai ya san abin da ake cusawa a wanda kake saya a tasha.

Wassalam. Laminu.

Kawu, hannuna ne amma ba bakina ba. Ina gaishe ka. Hanifa.

*

Diffa Kura

Zuwa ga ƴata Hanifa.

Assalamu alaikum. Mun iso lafiya, Allah ya saka wa Mahmud. Ubaidullahi ke rubutu.

Ƴata, abin ya dawo. Ranar da muka sauka gida ya cika da masu barka da zuwa. Iyarki ta share ɗaki, ta hura gawayi a kaskonta, ta zuba ka'aji har mata suna cewa tun daga bakin titi suka san Mairo ta dawo. Ta raba dabino da zamzam tana dariya. Kafin a kira magariba ta soma shessheƙa. Yanzu a zaune take kwana, ta jingina da bango.

Na ɗauki sanda na nufi gidan Magagi. Na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabta suka ce tun ranar da aka nuna masa wasiƙata ya tafi wurin ɗansa a Mainé-Soroa, bai dawo ba. Na zagaya unguwa ina shinshina katanga kamar mahaukaci. Babu mai shan sigari tsakaninmu da masallaci.

To daga ina? Hayaƙi yana zama cikin bango ne ya jira mutum? Ko iskar yamma ce ke ɗauko shi daga Mainé? Na matsar da gadonta zuwa gabas, goshin gida, bai yi ba. Na mayar yamma, bai yi ba. Gida ba ya tafiya, ban san ina ne gabansa ba.

Ki tambayi mutanen jirgin ko suna sayar da irin iskar ɗakin nan. Ba wasa nake ba. Na ga idonta jiya, ban so abin da na gani ba.

Mahaifinki, Laminu.

*

Jidda

Zuwa ga Baba.

Ina gaishe ka. Ka yafe min abin da zan faɗa, kuma a karanta a gaban Iya.

Iya ta bar min ka'aji da za ku tafi. Da kewarta ta dame ni na hura gawayi na zuba. Farida ta yi ta tari har na buɗe tagogi. Na zauna ina kallon hayaƙin yana tashi. A cikinsa na girma, ban taɓa kiransa hayaƙi ba.

Baba, a jirgin akwai sigari, da hancinka ka ji. Me aka karɓe mana a ƙofa?

Iya, na san na Kaka ne. Na san abin da kika baro, da abin da kika fito da shi. Ba cewa na yi ki yar ba. Ki gwada kawai, saboda ni.

Ƴarku, Hanifa.

*

Diffa Kura

Zuwa ga Hanifa.

Bayan sallama. An karanta wasiƙarki. Na ce turare ba hayaƙi ba ne, kuma har yanzu ban janye ba. Washegari Iyarki ta wanke kaskon, ta zuba ka'ajin a ciki ba wuta, ta rufe da faifai ta sa cikin akwatin zannuwanta. Ta ce uwarta ba ta ce dole sai an ƙona ba. Tun Juma'a a kwance take barci.

Ni dai ban gane ba, kuma ɗakin goshin nan ya taimaka, kowa ya faɗi abin da yake so.

Ubaidullahi ɗinki ya yi masa yawa, shi ya sa kika ga hannun ya canza.

Mahaifinki, Laminu.

Hanifa, kin gane hannun. Iyarki ce ta aiko har Mainé a kira ni. Shi bai ce min komai ba, sai "ka zo da biro?" Ya karɓi tabarmata ya shimfiɗa a waje, bayan ƙofar zaure, ya ce nan ne bayan jirgi. Daga nan nake jiyo Mairo tana yi wa akuya faɗa, tun ɗazu ba ta tsaya jan numfashi ba.

Kawunki, Magagi.