Allurar da Auta Ta Yi Ban Sani Ba

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, ina fatan kin tashi lafiya, ke da abin da ke cikinki. Mijinki ma a gaishe shi, in ya ga dama ya amsa. Mai askin bakin layi ne ke rubuta mini, na ce kada ya sassauta ko kalma ɗaya.

A bakin matar maƙwabci na ji wai kin je asibiti an yi miki allurar rigakafin mura, da ciki wata shida. A bakin maƙwabta, Auta! Marigayiya uwarki ta haife ku biyar, allura ba ta taɓa jikinta ba. Wai likita ya ce ba ta cutar da ɗan ciki, har kariya take ba shi bayan ya fito. Likitan ne ya haife ki? Tunda na zama kujerar tsakar gida, ba a shawara da ni, kada ki tako mini gida.

Ni ne mahaifinki, in har yanzu ana lissafi da ni.

Zuwa ga Auta,

Ina gaisuwa, yaya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya.

Murar ta kayar da ni, har ƙashina ciwo yake. Yayyenki maza sun aiko magani a leda, aka rataye mini a ƙofa aka juya. Batirin rediyo ya mutu, ɗakin shiru, sai tarina.

Shekaranjiya na ji an buga ƙofata, na gane bugunki ne. Mai aski ya ce kin tafi kina share hawaye, wai fushi ya hana ni buɗewa. Akwai fushin, ban musa ba. Amma tari nake kamar ƙirjina zai tsage, ga ki da ciki. Ta taga na leƙa ki, kin dafa ƙugu kina tafiya, sak uwarki.

Ki tambayi likitan naku: da wannan allurar, za ki iya zama ɗaki ɗaya da tsoho mai tari? In ya ce e, ki zo. In ya yi ko 'yar inda-inda, ki zauna gidanki har in warke. Ban ce na huce ba. Amma ki riƙa biyowa ta layin da yamma, ki ɗan tsaya daga nesa. Tagar a buɗe take.

Ki huta lafiya.

Mahaifinki.