Kaza a Kujerar Direba

Baban Leah,

Na gaji da jiranka, na wuce bakin boda da awarata.

Kana can Maraɗi neman kayan gyara, 'yan kwamitin shari'a suka yi sallama, wai an ce muna ɓoye burkutu ƙarƙashin akwalar motar sojan nan taka. Suka buɗe tulunana, sai baƙin man da ka juye ciki. Har suka sha kwana ina jin dariyarsu.

Shekara huɗu kana kwance inji kana ɗaurawa, ko tari ba ta taɓa yi ba.

Ka nemo mini wasu tuluna yau. Kuma kada ka hau kujerar direba, kazata na kwanci a kai. Duk gidan nan ita kaɗai ta ci amfanin motar.

Tasalla