Na Rantse Wa Baba Ba Zan Ƙara Riƙe Sandar Bilyardo Ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah a sakaya sunana, ku kuma masu karatu don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya min a rai.

Ni haifaffen Jidda ne, a unguwar Karantina na tashi, yanzu direba ne ni a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, a Abhur. In kun ga Hausata ta karkace ku yi haƙuri, a gida kawai muke yin ta. Ni ne ɗan fari, kuma Baba, Allah ya jiƙansa, mutumin da ne sosai, duk daɗewarsa a Saudiyya ba ta rage masa kunyar ɗan fari ba. Bai taɓa kiran sunana ba. Ko ina zaune a gabansa sai ya juya wajen ƙanwata ya ce ki gaya wa wancan kaza da kaza. Umma ma haka take, har ta fi shi.

Wasan bilyardo, wanda 'yan Najeriya ke ce wa sinuka, a wajen aiki na koya, hannun wani dattijo ɗan Filifin mai gyara mana wuta, Romi. Shi ya fara nuna min bidiyon wani ɗan ƙasarsu, ƙwararren ɗan wasa da ya zaga duniya da sandarsa. Wallahi tun daga ranar na kamu. Mutumin nan ba ya dukan ƙwallo, lallaɓa ta yake, farar ƙwallon ta taka a hankali ta je ta tsaya daidai inda yake son ta don bugu na gaba. In ya ɓarar sai ya yi murmushi ya koma ya zauna. Ɗan talakawa ne, ba gata ba kowa, hannunsa ne ya kai shi inda ya kai. Mu da muka tashi kullum ana tambayarmu iƙama, takardar izinin zama, a garin da aka haife mu, ganin irinsa yana sanyaya zuciya. Na riƙa kwaikwayonsa har Romi yana min tsiya wai tsayuwar kam na iya, saura wasan. Daga baya wasan ma ya zauna, sai da na zo ina cinye Romi ɗin kansa.

Sai wani maƙwabcinmu ya kai wa Baba labari wai ana caca a salar, wato ɗakin wasan, da nake zuwa. Ana yi kam, amma ni ko sau ɗaya ban taɓa ba. Baba bai tambaye ni ba, ta bakin ƙanwata aka yi shari'ar, ya ce bai baro garinsu ya zo kusa da Ɗakin Allah don ya haifi ɗan caca ba. Ya sa aka ɗauko Alƙur'ani, na dafa na rantse ba zan ƙara riƙe sanda ba. Halas, shi ke nan. Shekara bakwai ke nan ban taɓa ba, kallo kawai nake a waya.

Da aka rushe Karantina muka koma unguwar Bani Malik, ba a daɗe ba Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ni nake zama da shi bayan la'asar in na taso aiki. To zama ne na mutum biyu da ba sa hira, sai in kunna bidiyon mutumina ɗan wasan in rage murya. Rannan kawai na ji Baba ya ce wa ƙanwata, ki ce wa wancan ya matso da wayar. Na ɗauka faɗa ne. Ashe kallo zai yi. Bayan kwana biyu ya ce ta tambaye ni me ya sa mutumin ya bar ƙwallon da ke bakin rami ya buga wata. Na yi wa ƙanwata bayani, ita ko sanda ba ta taɓa gani ba, tana tsakiya tana maimaitawa duk ta cakuɗa. Baba ya jinjina kai ya ce wannan mutum yana da haƙuri, ba ya abu da garaje.

Wata huɗu muna haka. Kullum in na taho a mota sai in shirya maganar, yau zan ce Baba ka yafe min rantsuwar nan. In na shiga na gan shi sai bakina ya mutu, ban saba fara yi masa magana ba. Wataƙila shi ma yana jira ne in tambaya, Allah kaɗai ya sani. Cikin Sha'aban ya rasu, ban tambaya ba, bai faɗa ba. Har yau in na tuna sai na yi kuka.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Ɗan wasan nan na Filifin zai zo Jidda wata mai zuwa, 'yan ƙasarsu sun shirya masa wasan sada zumunta, za a zaɓi mutum kaɗan kowa ya buga da shi sau ɗaya. Romi ya sa sunana bai gaya min ba sai daga baya, ya ce mutumin ya manyanta, in na rasa wannan ba lallai a sake ba. Na yi ta maza na tambayi Umma ko Baba ya taɓa ce mata wani abu, ta sunkuyar da kai ta ce ita ba ta shiga tsakaninmu, ta tashi ta bar min ɗakin. Ƙanena ya ce in na je na ci amanar mamaci. Ƙanwata ta ce yalla in je, ita ta ga idon Baba lokacin da yake kallo. Malamin masallacinmu ya ce tunda ba caca a ciki, in yi kaffara in buga abina.

Na yarda kaffara tana wanke ni a wajen Allah. Amma Baba na yi wa alkawarin, ni na yi sake har ya tafi da shi, yanzu ba shi da bakin da zai ce min je ka. Ranar Alhamis Romi yake jiran amsata. Ku da kuka binne iyayenku, ku gaya min tsakani da Allah, in je ko in haƙura? In kuma na je, wa zai yafe min a madadinsa?